Filin Likitan Ido: Yana ta rufe min ido, likita kuma sai ɗaga ranar aiki yake yi

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan fili. Tun da na yi maganar yanar ido kwanakin baya, na ce aikinta na cikin ayyuka mafi sauƙi da ake yi a asibiti, sai ga saƙonni suna ta shigowa, wasu har da ɗan fushi, wai likita ina sauƙin yake mu ga shi mun shekara muna jira. Da na zauna na karanta sai na ga kusan duk masu ƙorafin abu ɗaya ke damunsu, suna da yana kuma suna da tsohon kumburi na cikin ido, wanda a asibiti ake ce masa yubiyaitis. To laifina ne da ban ware su ba a waccan maganar, yau filin nasu ne. Na rage tsawon wasu wasiƙun, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni mace ce shekarata 46, shekara shida kenan ina fama da ciwon ido, ya yi ja ya yi zafi bana iya kallon haske, in na ɗiga magani ya lafa bayan wasu watanni ya dawo. Yanzu idon dama ya yi yana, fuskar mutum ma sai ya matso nake gane shi. Sau biyu ana sa min ranar aiki ana ɗagawa, likitan ya leƙa ya ce wai idon bai kwanta ba, alhali ni wallahi bana jin zafin komai kuma ba ja. Ƙawar yayata sati ɗaya da ganin likita aka yi mata nata. Dan Allah ko wasa yake min da hankali, in canja wani?

Amsa: Hajiya sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba, likitan nan da yake ɗaga miki rana shi ne mai ƙaunar idonki, da zan ga wanda ya ce ki zo gobe a yi ba tare da ya damu da kumburin ba, shi zan ce ki guda.

Kin ga ido, a cikinsa akwai wani shimfiɗi na tsakiya mai yawan jijiyoyin jini, daga gaba shi ne baƙin idon nan da ake gani mai 'yar taga a tsakiya inda haske ke shiga, ya zagaya har baya ƙarƙashin fatar gani da ake kira ratina. In wannan shimfiɗin ya kumbura shi ne yubiyaitis. Wani lokaci cuta ce ta shiga, kamar tarin tibi ko tunjere ko ƙwayar hapis mai fito da ƙuraje ko tokzo, wata ƙwayar cuta da ake iya ɗauka daga kashin kyanwa, wani lokaci kuma garkuwar jiki ce ta rikice ta koma tana yaƙar mai ita, irin yadda ake gani a masu ciwon ƙashin baya da ke sanƙarewa, ko sakoyid mai sa kumburi a huhu da wasu sassan jiki, ko ciwon Behçet mai zuwa da gyambon baki wanda wani likitan fata na Turkiyya ya bayyana a 1937. Da yawa kuma a yi gwaji duk a rasa dalili. Madubin ido, wanda shi ne ke yin yana, yana zaune ne daf da bayan baƙin idon, cikin ruwan da ke ciyar da shi, to in ruwan nan ya shekara yana gurɓacewa da kumburi dole madubin ya dusashe. Shi ya sa masu irin ciwonki suke yin yana da wuri, ba sai an tsufa ba.

Yanzu maganar bana jin zafi. Nan ne ake samun saɓani tsakanin mara lafiya da likita kullum. Na'urar nan da kike ɗora haɓa ki jingina goshi, likita ya kashe fitilar ɗaki ya haska miki wani siririn haske, ba ja yake nema ba. Kin san yadda in rana ta ratso ta 'yar kafa cikin ɗaki mai duhu kike ganin ƙura tana yawo a cikin hasken? To haka yake gani a ruwan gaban idonki, sai dai ƙurar fararen ƙwayoyin jini ne, suna tashi sama ta gefen baƙin ido inda ya fi ɗumi suna gangarowa ta gaba, kuma ƙirga su yake ɗaya bayan ɗaya a cikin haske mai faɗin milimita 1. Tun 2005 likitocin wannan fanni suka daidaita ma'auni guda, daga 0 zuwa 4, in ƙwayoyin 6 zuwa 15 ne mataki na 1 kenan, in sun haura 50 mataki na 4. Mutum na iya zama a mataki na 1 ko na 2 idonsa fari tas ba zafi ba ƙaiƙayi. Abin da likitanki yake jira shi ne sifili, kuma ba sifili na rana ɗaya ba, ya zauna a haka aƙalla wata uku a jere. In kumburin ya motsa a wata na biyu, lissafi ya koma farko, abin da ya same ki kenan har sau biyu.

Me ya sa ba za a yi kawai ba? Domin aikin kansa rauni ne. Ko lafiyayyen ido in aka yi masa aiki sai ya ɗan kumbura na wasu makonni, irin na ƙawar yayarki kenan, ɗigo kaɗan ya wuce. Idon da dama can a fusace yake kuwa, in aka taɓa shi wuta ake zuba wa fetur. Washegari sai a tarar da wani farin abu kamar saƙar gizo ya rufe tagar idon, baƙin ido ya manne da sabon madubin, ruwa ya taru a tsakiyar ratina inda ake karatu da gane fuska, ƙarfin ruwan ido ya hau ko kuma ya faɗi warwas idon ya yi laushi, wanda shi ya fi ban tsoro. An cire yana lafiya lau amma gani bai dawo ba, ko ya dawo na sati biyu ya tafi. Yana ko ta shekara tana jira, ranar da aka cire ta haske zai shiga, ita ratina da jijiyar gani in suka lalace ba a sayar da sabbi.

Akwai inda ba a jira, kada wani ya karanta wannan ya ƙi yarda da likitansa. In yanar ta nuna ta wuce misali har tana yoyo cikin ido ita ce ke haddasa kumburin, cire ta shi ne maganin. Haka in ta kumbura ta toshe hanyar ruwa ƙarfin ido ya hau, ko likita yana zargin wani abu a ratina kuma yanar ta hana shi gani. Ke naki ba haka ba ne bisa yadda kika faɗa. Tambayar da zan so ki yi masa in kin koma ba yaushe za a yi ba ce, ki ce masa likita me za mu ƙara ko mu canja domin idon ya kai wata ukun nan, tunda ɗigo kaɗai ya kasa riƙe shi sau biyu, wataƙila lokaci ya yi da za a duba maganin sha.

Tambaya: Salam likita. Ni dai gaskiya raina a ɓace yake. Na bincika na gano maganin ɗigawan da aka ɗora ni a kai shekara huɗu shine ya jawo min yana, ba wanda ya taɓa gaya min. Na daina tun wata biyu da suka wuce. Yanzu kuma wai kafin aiki za a ƙara min irinsa har da na sha, ni kuma ina da ciwon suga. Wannan ba kashe mutum ba ne?

Amsa: Malam, ɓacin ranka yana kan hanya ta fuska ɗaya, ya kamata a ce an gaya maka tun ranar farko. Eh, sitiroyid, wato maganin danne kumburin da aka ɗora ka a kai, yana kawo yana, na ɗigawa da na sha da na allura duka, ba likitan idon da zai musa maka. Har irin yanar da yake kawowa an san ta, a bayan madubi take fitowa daidai tsakiya kamar an goga kitse a gilashi, shi ya sa masu ita suke cewa da rana tsaka ko in fitilar mota ta haske su ba sa ganin komai amma da yamma sun fi gani, karatu kuma shi ke fara gagara.

Amma daina maganin da ka yi, gudun gara ne ka faɗa wa zago. Kumburin da ake dannewa da shi, shi ma yana kawo yanar, ya kuma haɗa da abubuwan da ba sa gyaruwa. Likita da ya ɗora ka a kai ciniki ya yi, ya karɓi matsalar da ake iya cirewa da aikin da bai kai awa ɗaya ba, ya tsare maka abin da in ya tafi shikenan. Ni ma da idona ne haka zan zaɓa. Kuma dainawar ba za ta mayar da yanar baya ba, wadda ta fito ta fito. Don haka ka koma a duba ka cikin satin nan, ka faɗa masa gaskiya cewa wata biyu ba ka ɗiga ba, kada ka ɓoye, domin in ya ga kumburi yana zaton kana kan magani zai ɗauka maganin ne ya gaza ya ɗora ka kan wanda ya fi shi ƙarfi a banza.

Ƙarin da za a yi kafin aiki kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ana so ranar da za a shiga idon ya zama maganin ya riga ya cika shi, sai a ƙara yawan ɗigon kwanaki kaɗan kafin ranar, a haɗa da wani ɗigon rage kumburi wanda ba sitiroyid ba don kare tsakiyar ratina, masu ciwo mai tsanani kuma a ba su ƙwayar furednisolon, wato sitiroyid na sha, gwargwadon nauyin jiki, galibi rabin miligiram zuwa miligiram 1 kan kowane kilo, a fara 'yan kwanaki kafin aiki sannan a riƙa ragewa a hankali bayansa. Na sha ɗin nan tabbas zai ɗaga maka suga, wani ma har sai an ƙara masa insulin na ɗan lokaci, don haka ba abu ne da likitan ido zai yi shi kaɗai ba, sai da sanin mai duba sugarka, kuma za ka riƙa gwaji a gida fiye da yadda ka saba. Akwai kuma wata hanyar ga irinku, maimakon a ba duk jiki sai a sa maganin a idon kawai, allura a gefen ƙwayar ido ko a cikinta lokacin aikin, ko wani ɗan mitsitsin abu mai suna Ozurdex da ke narkewa a ciki cikin watanni. Sai dai shi ma da nasa, yana iya ɗaga ƙarfin ruwan ido. Kusan mutum ɗaya cikin uku ƙarfin idonsa kan ɗan hau in ya daɗe kan sitiroyid, kaɗan daga ciki kuma ya hau sosai, ma'aunin lafiya tsakanin 10 ne da 21, to ka tambaya nawa naka yake kowane zuwa, ka rubuta a takarda.

Abu ɗaya da nake roƙonka, in aka fara ba ka na sha, kada ka yi masa irin yankewar da ka yi wa ɗigon. Jiki in ya saba da shi yana rage yin nasa na halitta, yanke shi rana ɗaya na iya kwantar da mutum, jiri da amai da faɗuwar jini.

In kuma kumburinka ba ya zama sai da sitiroyid mai yawa, akwai magungunan da ke lallashin garkuwar jiki don a samu a rage shi, irin su metoturekset da ake sha sau ɗaya a sati, a sati fa ba kullum ba, da maikofenolet da azatayofirin, sai allurar adalimumab da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan ciwon a 2016. Ba sa aiki nan take, wasu sai sun yi wata biyu zuwa uku, ana bin su da gwajin jini da na hanta, kuma kafin allurar dole a tabbatar ba tibi a ɓoye a jiki.

Tambaya: Likita an ce min baƙin idona ya manne, wai aikina zai fi na sauran mutane wahala kuma sai babban likita. Me hakan ke nufi? Kuma na ji akwai madubin da in an sa maka ba ka ƙara sa tabarau, shi nake so ko nawa ne.

Amsa: Ɗan'uwa, ka tsaya gaban madubi da haske ka kalli tagar idonka, wataƙila za ka ga ba zagayayya ba ce kamar ta ɗaya idon, ta karkace ko ta yi kamar fure mai kunnuwa. Kumburi yana da danƙo, duk tashin da ya yi sai ya liƙa gefen tagar da madubin da ke bayanta, yau nan gobe can. Mai aiki kuma ta wannan tagar yake shiga. A idon da ba matsala ana ɗiga magani ta buɗe ta kai milimita 7 ko 8, fili wadatacce, taka kuwa ana iya ɗigawa har a gaji tana nan a 2 ko 3, kamar a ce ka fito da katifa ta tagar banɗaki.

To ga abin da zai yi. Zai yi 'yar ƙofa a gefen gilashin gaban ido da ba ta kai milimita 3 ba, ya cika gaban idon da wani ruwa mai kauri kamar jeli, sannan da siririn ƙarfe mara kaifi ya bi ƙarƙashin baƙin idon yana ɓanɓare mannewar a hankali, in akwai wata fata da ta tsiro a bakin tagar ya kama ta da ɗan hantsaki ya zare. In duk da haka ba ta buɗe ba, akwai wasu ƙugiyoyi ƙanana na roba, huɗu ko biyar, da ake saƙala wa gefen tagar a ja ta ta zama murabba'i, ko wani zobe da ake sawa ya tokare ta, a cire in an gama. Sau da yawa sai an zuba shuɗin rini kafin a ga fatar jakar madubin, a yanke ta a zagaye, sannan a farfasa yanar da na'ura mai girgiza a zuƙe ta, dabarar da wani likita Ba'amurke Charles Kelman ya ƙirƙiro a 1967. Kowace taɓawa da aka yi wa baƙin idon nan sai ya rama da kumburi washegari, shi ya sa ake neman hannun da ya saba, mai taɓawa kaɗan, ba wai don aikin ya fi ƙarfin ilimin sauran ba. Za ka fi sauran daɗewa a kan gadon aiki, kada hakan ya tsorata ka, kuma ido a kashe yake ba za ka ji zafi ba sai dai ɗan dannawa.

Madubin roba da ake sawa, labarinsa ma da ban sha'awa, wani likita a Landan, Harold Ridley, shi ya lura matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar gilashin jirgi ya shige musu ido a yaƙin duniya na biyu, idon bai ƙi robar ba, daga nan ya fara sa madubin roba a 1949. Amma an daɗe ana tsoron sa wa masu yubiyaitis, don ido mai faɗa da jikinsa ina ga baƙo. Yanzu da aka iya kwantar da kumburi yawancin manya ana sa musu, an fi son na akirilik mai naɗewa, a zaunar da shi cikin jakar madubin asali inda ba zai riƙa gogar baƙin ido ba.

Wanda ka ji labari kuwa, mai nuna nesa da kusa, ni ban ba ka shawara ba ko kyauta aka ba ka. Yadda yake aiki shi ne ya raba hasken da ya shigo gida biyu ko uku, to yana buƙatar lafiyayyar ratina da taga mai motsi daidai da madubi zaune cif a tsakiya, kai kuwa ba ɗaya daga cikin ukun da za a yi maka alkawari. Ka karɓi mai nisa ɗaya ka sa tabarau na karatu.

Tambaya: Assalamu alaikum likita. 'Yata ce shekararta bakwai, tana da ciwon gaɓoɓi tun tana shekara uku, gwiwarta ke kumbura. An tura mu wajen ido aka ce tana da kumburi har yana ta fara, ni kuma ban taɓa ganin idonta ya yi ja ba ko sau ɗaya, ba ta taɓa cewa yana mata ciwo ba. Babanta ya ce a bari sai ta girma. Ya kake gani?

Amsa: Maman yarinya, wannan wasiƙar ita ta fi tsaya min a rai. Kada ki zargi kanki, irin kumburin da ke bin ciwon gaɓoɓin yara haka yake, shiru yake ci, ido fari ba hawaye ba zafi, ya fi kama 'yan mata da ciwon ya fara musu suna ƙanana a gaɓa ɗaya zuwa huɗu, shi ya sa ƙa'ida ita ce irin waɗannan yaran a riƙa leƙa idonsu da na'ura kusan duk wata uku ko ba sa ƙorafin komai.

Ki gaya wa babanta da lallashi cewa nan jiran girma ba ya aiki. Babba in yana ta rufe shi ƙwaƙwalwarsa ta riga ta iya gani, ko bayan shekara biyar aka buɗe za ta karɓa. Yaro kuwa har wajen shekara bakwai zuwa takwas ƙwaƙwalwa koyon gani take, idon da ke aiko mata da hoto dishi-dishi sai ta yi watsi da shi ta koma kan ɗayan, in an makara ko an cire yanar ganin ba zai cika ba. Ga kuma dokar nan ta wata uku ita ma tana kanta, har ta fi tsanani, don idon yara ya fi na manya zafin rama taɓawa. Kin ga an shiga tsakanin abu biyu kenan, ba a son jinkiri ba a son gaggawa, mafita ɗaya ita ce a kashe kumburin da ƙarfi tun yanzu, yawanci da metoturekset, in bai isa ba a haɗa da adalimumab, likitan gaɓoɓi da na ido su riƙa magana da juna. Ɗigon sitiroyid kaɗai na tsawon lokaci a yaro yanar zai ƙara.

In an zo aiki za a sa ta barci. Za kuma a zauna da ku kan ko a sa madubin roba ko a bari, wannan har yau likitoci suna duba kowane yaro ne da halinsa, in kumburin ya daɗe a kwance ana sawa, in mai taurin kai ne wasu sun fi son a bar idon ba madubi ta yi amfani da tabarau mai kauri ko madubin da ake liƙawa a kan ido, daga baya a sake shawara. In aka ce za a bari kada ki ɗauka an yi muku rabin aiki. Bayan nan akwai rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi a rana don a tilasta wa ɗayan aiki, za ta yi kuka za ta ɓalle shi in kin juya baya, wannan yaƙin naki ne.

Tambaya: Likita an min aikin wata biyu da suka wuce, satin farko na ga duniya tar har na yi kukan murna, yanzu kuma hazo ya dawo, layin rubutu ma sai in ga ya lanƙwashe. Ɗigon na daina da kwalbar ta ƙare tunda na warke. Yanar ce ta dawo?

Amsa: Baba, yanar da aka cire ba ta dawowa. Amma jimlar nan taka ta ɗigon na daina tunda na warke, na ji ta ba adadi kuma duk lokacin da na ji sai gabana ya faɗi. Na taɓa yin wani mara lafiya da muka shekara guda muna lallaɓa idonsa kafin aiki, aiki ya yi kyau, ya karanta layin ƙasa a allo, ya tafi bai dawo ba sai bayan sati bakwai yana riƙe da kwalbar da ko rabi bai ɗiga ba, tagar idon ta manne da sabon madubin ta ko'ina. Mun ceto wani abu amma ba duka ba.

Mai yana ta tsufa ɗigonsa kamar sati huɗu ne. Naku kuwa ana farawa ne da kusan kowace awa ko awa biyu, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har wata biyu ko uku ko fiye, likita na leƙawa kafin kowane ragi. Lanƙwashewar layi da ka faɗa, da lokacin da ta zo, sun fi kama da ruwa ya taru a tsakiyar ratina, wanda ya fi fitowa sati huɗu zuwa goma sha biyu bayan aiki kuma masu yubiyaitis sun fi kowa samunsa. Ana gane shi da wani hoton ratina da ake kira OCT, minti biyu ba a taɓa ido, za ka ga ratinar a allo ta yi 'yan ramuka kamar saƙar zuma. Yana jin magani in an kama shi da wuri, ɗigo ko allura, in ya daɗe ne yake barin tabo. Ka je gobe, kada ka jira ranar da aka rubuta maka, kuma kada ka sayo ɗigon ka ci gaba da kanka kafin a auna ƙarfin idon.

Akwai wani hazon daban da mutane ke kira yana ta biyu, jakar da aka zaunar da madubin a ciki ce bayanta ke dusashewa, yakan ɗauki watanni ko shekaru, ku kuma ya fi saurin zo muku. Wannan da leza ake huda shi a zaune cikin 'yan mintuna, amma shi ma sai ido na kwance.

Ga duk wanda aka yi wa aiki, zafi mai ƙaruwa da ja da raguwar gani cikin kwanakin farko, musamman in fatar ido ta kumbura, ba a kwana da shi a gida ko da tsakar dare ne, yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga. Kuma in ɗigonka fari ne kamar madara ka girgiza kwalbar sosai kafin ka ɗiga, in ba haka ba ruwan saman kwalbar kake sawa maganin na ƙasa, tsakanin ɗigo da ɗigo a bar minti biyar.

Sai gajeru guda uku. Mai tambayar ko a yi masa ido biyu rana ɗaya don ya huta, a'a, a yi ɗaya a ga yadda zai yi hali, abin da aka koya a kansa shi za a yi wa na biyun tanadi da shi. 'Yar'uwar da ta ce nata kumburin hapis ne ya kawo shi, ki tuna wa likita kafin aiki, ana ɗora irinku kan ƙwayar maganin hapis, asaikulobiya ko 'yar'uwarta, kafin aiki da bayansa don aikin da sitiroyid suna iya tada ƙwayar cutar, kuma tunda kin ce kina neman haihuwa ki faɗa masa wannan ma, metoturekset da maikofenolet ba sa haɗuwa da ciki sam. Wanda kuma aka ce masa nasa kumburin irin wanda ake kira Fuchs ne, ido ɗaya, ba ja ba mannewa, kai ka fi sauran sa'a, irinku aikin ya fi yin kyau kuma ba a cika matsa muku da magani ba, wani lokaci akan ga ɗan jini a gaban ido yayin aiki ya wanke da kansa, abin da za ka lura da shi shi ne ƙarfin ruwan idon, a riƙa auna maka shi ko bayan ka warke.